Allurar Korona: me ya rage a jininmu, kuma su wa ke bukatar ƙari har yanzu?

A watan Mayun 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta saka wani sabon nau'in ƙwayar cutar Korona mai suna NB.1.8.1 cikin jerin waɗanda take sa wa ido. A ƙasashen Asiya da Turai labarin ya sake tayar da maganar allurar ƙari, amma a birnin Yamai ya wuce ba tare da ya ɗaga wa kowa hankali ba. Tun ranar 5 ga watan Mayun 2023, da OMS ta ce annobar ta daina zama barazanar gaggawa ga duniya, yawancin jama'a suka rufe wannan babi. A fada da wuraren shan shayi an riga an yanke hukunci: an yi wa mutane allura, daga baya kuma sun kamu, sannan aka ce ƙarfinta yana raguwa bayan ƴan watanni, to ina amfaninta?

Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa. Amsar tana cikin abin da allura ke haifarwa a jinin mutum, wato sinadaran kariya da likitoci ke kira antikor da Faransanci. Gaskiya ne suna raguwa. Sai dai raguwar ba ɗaya ba ce ga saurayi mai shekara 25 da dattijo mai shekara 70 da ke fama da ciwon suga, kuma a wannan bambancin ne aikin da ya rage wa ƙasarmu yake.

Abin da aka yi wa ƴan Nijar

An samu mutum na farko da ya kamu da cutar a Yamai ranar 19 ga watan Maris na 2020. Kowa na tune da abin da ya biyo baya: dokar hana fitar dare, killace babban birni, rufe masallatai, da tarzomar da ta ɓarke a unguwanni irin su Lazaret gab da azumi. A ranar 3 ga watan Mayu cutar ta yi ajalin ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar.

Allura ta iso bayan shekara guda. Ƙasar Sin ta ba da kyautar Sinopharm dubu 400 a watan Maris na 2021, kuma firaminista Brigi Rafini ya ƙaddamar da aikin ranar 29 ga watan. A watan Afrilu shirin COVAX ya kawo AstraZeneca dubu 355, sannan a watan Yuli ta Johnson & Johnson ta zo daga Amurka. Mutane ba su yi rububi ba. A ƙarshen watan Mayun 2021 sai da Nijar ta miƙa wa Kodebuwa allurar AstraZeneca dubu 100, saboda tsoron kada wa'adinta ya ƙare tana cikin firji. Har zuwa 2023, waɗanda suka kammala allurarsu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasa ba. Alƙaluman hukuma kuwa sun tsaya a ƙasa da mutum dubu 10 da suka kamu, da mutum ɗari uku da ƴan kai da suka rasu.

Waɗannan allurai uku ba iri ɗaya ba ne. Sinopharm ƙwayar cutar ce sukutum, amma an kashe ta, ba ta iya hayayyafa. AstraZeneca da Johnson & Johnson kuwa suna amfani da wata ƙwayar da aka raunana domin ta kai wa jiki saƙon yadda zai ƙera wani ɓangare guda na Korona, wato ƙayar da ke bayanta. Da wannan ƙaya ce ƙwayar ke maƙalewa a maƙogwaro da huhu, kamar yadda ƙarangiya ke kama zani. Manufar dukkansu ɗaya ce: jiki ya san ƙayar tun kafin ranar haɗuwa.

Yadda jiki ke amsa allura

Bayan allura, ana fara aiki ne a kaluluwar da ke hammata, shi ya sa wasu suka ji wurin ya ɗan kumbura. A can wasu ƙwayoyin jini da ake kira B suke koyon ƙera antikor da ya dace da ƙayar. Bayan kamar mako biyu ana fara ganin sa a jini, kuma yakan kai ƙololuwa ƴan makonni bayan allura ta biyu. Aikinsa shi ne ya manne wa ƙayar ya toshe ta, ƙwayar ta kasa shiga.

Daga nan sai ya fara sauka. Wani bincike da aka yi a asibitin Sheba na Isra'ila kan ma'aikatan lafiya kusan dubu biyar, wanda aka wallafa a watan Oktoban 2021, ya nuna cewa wata shida bayan allurar Pfizer antikor ya ragu sosai, musamman ga maza, da waɗanda suka kai shekara 65, da masu raunin garkuwa. An ga irin haka da sauran alluran ma. Wannan saukar ɗabi'ar jiki ce. Da a ce jini zai riƙe antikor na kowace cuta da mutum ya taɓa haɗuwa da ita a matakinsa na ƙololuwa, da ya yi kaurin da ba zai gudana ba.

Abin da gwajin antikor ba ya nunawa shi ne ajiyar da jiki ke yi. Wasu ƙwayoyin B suna komawa cikin ɓargo su ci gaba da ƙera antikor kaɗan-kaɗan. Wasu suna zama ƴan tuni: suna riƙe da kamannin ƙwayar, ranar da ta dawo sai su farka su cika jini da antikor cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma ƙwayoyin T, waɗanda ke farautar sassan jikin da cutar ta riga ta shiga su hallaka su. Antikor tamkar mai gadin ƙofa ne, waɗannan kuwa su ne mutanen cikin gida. In mai gadi ya yi gyangyaɗi ɓarawo na iya shiga zaure, amma kafin ya kai ɗaki an farka.

Wannan ne ya sa mutum ke iya kamuwa bayan allura, ya yi mura da zazzaɓi na kwana uku, ya miƙe ba tare da ya kwanta asibiti ba. Allurar da aka yi a dantse tana cika jini da antikor, amma kaɗan ne ke kaiwa cikin hanci, inda ƙwayar ke fara sauka. Nau'in Omicron kuma, wanda Afirka ta Kudu ta sanar da ɓullarsa a watan Nuwamban 2021, yana bayyana a jiki cikin kamar kwana uku, kafin ƴan tuni su gama shiri. Ya zo da sauye-sauye fiye da 30 a jikin ƙayar, ta yadda yawancin tsohon antikor ya kasa gane ta sosai. Ƙwayoyin T ba su ruɗe haka ba, domin sassan da suke ganewa ba su sauya da yawa ba.

Iyaye mata sun san wannan bambanci ko da ba su san sunansa ba. Allurar shawara, mai katin nan ruwan ɗorawa da ake nuna wa a filin jirgin Diori Hamani, sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ta ƙyanda, in an yi wa yaro sau biyu, tana kare shi shekaru masu yawa, saboda ƙwayar ƙyanda ba ta sauya kama, kuma tana ɗaukar kwana goma ko fiye kafin ta bayyana. Ta tetanos kuwa ana maimaita wa mace mai ciki a wurin awo. Babu wanda ya ce allurar tetanos yaudara ce don ana maimaita ta. Korona tana cikin rukunin cututtukan da kariyar hana kamuwa da su ba ta daɗewa, kamar murar hunturu.

Cutar ta riga allurar zuwa

Akwai wani abin da ya bambanta yankinmu da Turai. Lokacin da allura ta iso, mutane da yawa sun riga sun kamu ba su sani ba. Gwajin jini ne ya tona wannan. A Najeriya, binciken da hukumar NCDC da cibiyar NIMR suka yi a watan Oktoban 2020 ya samu antikor a jinin kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. A Mali, a garuruwa uku da suka haɗa da Sotuba ta Bamako, fiye da rabin mutanen da aka gwada suna da shi a farkon 2021, alhali kaɗan ne suka yi ciwo mai tsanani. A watan Afrilun 2022, ofishin OMS na Afirka ya ƙiyasta cewa zuwa watan Satumban 2021 kashi 65 cikin 100 na ƴan Afirka, wato wajen mutum miliyan 800, sun riga sun kamu, alhali adadin da ƙasashe suka sanar bai wuce miliyan 8.2 ba. Kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kamu ba su ji komai ba.

Babu dalilin da zai sa Yamai, mai tashoshin mota da ke haɗa ta da Kwatano da Lome da Wagadugu kowace rana, ta fita daban. Ƙarancin alƙalumanmu ya nuna ƙarancin gwaji ne da kuma ƙuruciyar al'umma. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka wuce 65 kuwa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba.

Me ke faruwa in allura ta sauka a jikin da ya taɓa kamuwa? Wani bincike da Adam Abdullahi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature Communications a 2022 ya bi sawun mutanen da aka yi wa AstraZeneca a Legas da kuma Kumasi ta Gana. Tun kafin allurar farko, fiye da rabin mutanen Legas ɗin suna da alamar tsohuwar kamuwa a jininsu. Bayan allura, waɗanda suka taɓa kamuwa sun fi sauran yawan antikor mai toshe ƙwayar, kodayake a jinin kowa Omicron ya fi tsofaffin nau'o'i wuyar toshewa. Masana na kiran wannan haɗaɗɗiyar garkuwa, ta cuta da ta allura. Wani nazari da aka yi da haɗin gwiwar OMS, wanda mujallar Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ta fitar a watan Janairun 2023, ya auna ƙarfinta: bayan shekara guda, kariya daga sake kamuwa ta sauko zuwa kashi 42 cikin 100, amma kariya daga ciwo mai tsanani ko kwanciya asibiti tana nan a kashi 97.

Waɗannan lambobi biyu sun isa su amsa tambayar ƴan fada. Wanda ya ce allura ba ta hana kamuwa har abada ya faɗi gaskiya. Wanda ya ɗora da cewa ba ta da amfani ya tsallake lamba ta biyu.

Inda garkuwar ba ta kama sosai ba

Matsalar ita ce wannan kashi 97 matsakaici ne, kuma akwai jikin da ba ya amsa allura kamar na kowa. Na farko shi ne na dattijo. Da shekaru, ƙwayoyin B da T suna raguwa, koyonsu yana yin nauyi. A birnin Budafes na ƙasar Hungari, an gwada jinin mutum 450 da aka yi wa Sinopharm sau biyu a 2021. A cikin ƴan ƙasa da shekara 50, wajen tara cikin goma sun samu antikor. A wajen shekara 60, kusan ɗaya cikin huɗu bai samu abin da za a iya aunawa ba, a wajen shekara 80 kuwa kusan rabi. Tun a watan Mayun 2021 Daular Larabawa da Bahrain suka fara yi wa masu Sinopharm allura ta uku, kuma a watan Oktoban shekarar kwamitin ƙwararru na OMS ya ba da shawarar a yi wa duk mai shekara 60 zuwa sama da aka yi wa Sinopharm ko Sinovac allura ta uku. A watan Disamba kuma ya ba da shawarar allura ta biyu ga masu Johnson & Johnson.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sinopharm ce ta fara zuwa Nijar, kuma waɗanda aka fara kira sun haɗa da ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro, dattawa da masu ciwon da ya daɗe. Dattijon da ya amsa kiran hukuma a watan Afrilun 2021, ya karɓi allura biyu ya adana katinsa, yana iya kasancewa cikin waɗanda jininsu ya fi ƙarancin amsawa. In ba wanda ya sake kiran sa, shi a ganinsa ya gama.

Rukuni na biyu su ne masu raunin garkuwa: masu wankin ƙoda a asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, masu karɓar maganin kansa, masu ɗauke da ƙwayar sida da ba su kan magani yadda ya kamata, da masu shan magungunan da ke danne garkuwa. Sai masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na huhu, waɗanda ko jininsu ya amsa allura, cutar ta fi yi musu illa in ta kama su. Mata masu ciki ma suna cikin jerin, kuma antikor ɗin uwa yana ratsa mahaifa ya kare jariri a watanninsa na farko.

Abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020 ya nuna su wa cutar ke ɗauka. Ministan lafiyar Najeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa daga cikin mutum 979 da suka rasu a ƴan makonnin nan, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da Korona, kuma akasarinsu sun haura shekara 65. Da yawa a gida suka cika. A wurinmu ma, dattijon da tari da sarƙewar numfashi suka kwantar cikin hunturu ya rasu, sai a ce tsufa ne ko sanyi, a kai shi makwancinsa a maƙabartar Yantala ba tare da an yi gwaji ba. Manyan guguwar cutar biyu a Nijar, ta Disamban 2020 da ta ƙarshen 2021, duk cikin hunturu suka zo.

Shi ya sa tun watan Maris na 2023 OMS ta sauya shawararta. Ba ta ƙara neman a yi ta maimaita allura ga matasa masu lafiya da yara ba. Ta ware dattawa, masu ciwon da ya daɗe, masu raunin garkuwa, mata masu ciki da ma'aikatan lafiya, ta ce su ne za a riƙa yi wa ƙari bayan wata 6 zuwa 12.

Gwajin jini ba zai raba gardama ba

Wani zai ce ai sai kowa ya je dakin gwaji a auna masa antikor ya san matsayinsa. Wannan kashe kuɗi ne da ba zai ba shi amsa ba. Babu wata lamba da masana suka amince cewa wanda ya kai ta ya tsira, wanda bai kai ba yana cikin haɗari. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a tun watan Mayun 2021 kada su yi amfani da wannan gwaji don auna kariyarsu. Gwajin ba ya ganin ƴan tuni, ba ya ganin ƙwayoyin T. Wasu gwaje-gwajen ma wani sashen cikin ƙwayar suke nema, ba ƙayar ba, don haka mai AstraZeneca ko Johnson & Johnson da bai taɓa kamuwa ba zai ga sakamakon babu, ya ɗauka an yi masa allurar ruwa. Mai Sinopharm kuwa, da yake ƙwayar gaba ɗaya aka saka masa, zai iya ganin akwai ko da bai taɓa kamuwa ba. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro: wani bincike a Benin ya nuna cewa jinin masu fama da shi yana ruɗa wasu gwaje-gwajen da aka ƙera a Turai, su nuna Korona inda babu ita.

Inda gwajin ke da amfani shi ne a matakin al'umma, a hannun masu bincike da suka san waɗannan tarkuna. Cibiyar CERMES ta Yamai, wadda ke cikin ƙungiyar cibiyoyin Pasteur, ita ta ɗauki nauyin gwajin Korona tun daga farko, kuma ta daɗe tana bin diddigin sanƙarau da mura. Bibiyar jinin dattawa da masu wankin ƙoda da ma'aikatan asibiti a nan gida, tare da bayyana sakamakon a rediyo cikin Hausa da Zabarmanci, zai fi kowace sanarwa daga Janeba shiga kunnen jama'a.

Abin da ya rage a yi

Babu mai hankalin da zai nemi a koma gangamin yi wa kowa allurar Korona. Zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, sanƙarau, maƙarau da tamowa sun fi ta kashe ƴaƴanmu nesa ba kusa ba. Kuɗin waje kuma suna janyewa: a 2025 Amurka ta sanar da ficewarta daga OMS, ta rusa hukumar USAID, ta kuma ce za ta daina zuba kuɗi a asusun Gavi da ke sayen alluran yara. Alluran 2021 ɗin ma sun bar kasuwa. Kamfanin AstraZeneca ya janye tasa a watan Mayun 2024.

Amma mutanen da ake magana a kansu ba su da yawa, kuma an san inda suke. Suna zuwa awon suga da hawan jini kowane wata, suna zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, suna zuwa awon ciki, suna yin layin allurar sanƙarau kafin tafiya aikin hajji. Ofishin ministan kiwon lafiya na iya sanar da jama'a a sarari ko akwai allurar da ta dace da sababbin nau'o'in a ƙasa, a wane asibiti, kuma ga su wa, sannan a shirya ta kafin hunturu. Ga iyali kuwa, dattijo ko mai ciwon suga da mura ta sarƙe wa numfashi asibiti ya kamata a kai shi a ranar, kada a tsaya ga mai tallar magani. Katin allurarsa na 2021 ma a tafi da shi, likita ya ga irin wadda aka yi masa da lokacin da aka yi.

Akwai kuma bashin bayani da hukumomi ke ɗauke da shi. A 2021 an ce wa mutane su yi allura su tsira, ba a tsaya an fayyace musu cewa tsira daga kabari ake nufi, mura kuwa tana iya zuwa. Da Omicron ya kama waɗanda aka yi wa, sai masu jita-jita suka samu hujja kyauta. Wannan rashin yarda ba ya tsayawa a kan Korona. A watan Satumban 2024 Nijar ta ƙaddamar da allurar zazzaɓin cizon sauro ta yara a Gaya. Ita ma sau huɗu ake yin ta, ita ma antikor ɗinta yana raguwa, kuma yaron da aka yi wa yana iya yin zazzaɓi, sai dai haɗarin mai tsananin ya ragu. Uwar da aka gaya wa haka tun ranar farko za ta dawo da ɗanta a karo na huɗu. Wadda aka ce wa ɗanta ya rabu da zazzaɓi, ranar da jikinsa ya yi zafi cikin damina za ta ajiye katin, ta kuma gaya wa maƙwabtanta dalili.